Rinin da Ya Ƙi Zama a Tuta

Ni dai Mutari tela ban taɓa ganin damina mai neman rigima irin ta shekarar 'yancin kai ba. Mushe Usman, kamar yadda muke kiran malaman boko, shugaban lakwal, wato makarantar unguwarmu ta Zango, ya ba ni ɗinkin ƙananan tutocin da yara za su riƙe ranar biki. Ya kuma faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: in babu tuta, ɗinkin rigunan 'yan lakwal, wanda da shi nake ciyar da iyalina, ya bar hannuna ke nan.

Daga Kano za a kawo yadi ruwan goro da tsanwa. Sai ruwa ya cinye hanya, kamiyo, babbar motar da ta ɗauko yadin, ya kafe a taɓo can wajen iyaka. Kullum in je tasha, kullum a ce gobe. Goben uban wa! Na zaga kantunan Damagaram kaf, ban samu komai ba sai farin alawayyo.

Dole ta kai ni karofi wurin Alkasum marini, mutumin da ko gaisuwa sai ya yi gardama a kanta.

"Ni rinin baba na sani, Mutari. Shuɗi zan ba ka," in ji shi. "In tsanwa kake so sai a bi da rawaya, kuma rawaya ba ta shiga ramina."

Na wuce kasuwa wurin Iya Kellu, tsohuwar Babarbariya mai sayar wa dukawa rawaya da karan dafi. Ta ce in an haɗa biyun ruwan goro zai fito, amma ita ba ta taka karofi. Na koma, Alkasum ya ce shi ma ba mai sayar da saiwa da za ta koya masa rini. Haba jama'a! Ƙasa guda za ta samu 'yanci, mutum biyu sun kasa haɗuwa a inuwa ɗaya.

Ni na zama jakinsu. In ɗauko jiƙaƙƙen yadi daga karofi, in kai gidan Iya, in dawo da shi tare da saƙon zagi. Na farko ya fito kamar miyar kuka, kowa ya ce laifin ɗan'uwansa ne. Da kyar launi ya daidaita. Na taka keken ɗinki har ƙafata ta kumbura, tutoci suka fito gwanin kyau.

Ashe akwai jiƙon da ake yi don launi ya kama yadi. Alkasum ya bar wa Iya, Iya ta ce ai aikin marini ne, kuma babu wanda ya buɗe baki ya gaya mini.

Ranar biki yara na jere cikin fararen rigunan da na ɗinka, sai sama ta tsuge da ruwa. Yara kuwa suka rufe kawunansu da tutoci. Ina kallo tsanwa ta koma shuɗi, ruwan goro ya bi wuya ya sauka kan riguna. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Bayan biki Mushe Usman ya jibge rigunan a bakin shagona.

"An wanke, an sake wankewa, ya ƙi fita," ya ce.

Ka ji fa. Rinin da ya ƙi zama a tuta, shi ne ya kama riga gam. Na sunkuyar da kai ina jiran ya ce ya karɓe aikinsa.

"Malam Mutari, ka rine su duka su zama launi ɗaya. Daga bana kuma haka rigar lakwal za ta zama. Aiki na nan hannunka, muddin da mutanenka biyun nan za ka riƙa yi."

Bai rufe baki ba yaron tasha ya iso da gudu, wai albishirina, kamiyo ya shigo. Na dube shi kawai. Na ɗora rigunan a ka, na nufi karofi, tun daga nesa ina jin Alkasum yana cewa shi fa ba zai je gidan kowa ba.