Birki Mai Faifai a Gangaren Dala

Shekara biyu da komawar sojoji bariki, kayan gwanjo suka riƙa kwararowa Kano daga Kwatano, tun daga firji har takalman ƙwallo. A cikinsu Mikail ya tsinci keken da ya hana shi zama wuri ɗaya.

Mikail gyaran keke yake yi a rumfar kawunsa Ashafa, a Ƙofar Ruwa. Shekara tara yana wurin, tun bai iya cire taya ba har ya kai yana miƙe lanƙwasasshen wili yana hira. Burinsa a duniya ɗaya ne: Kawu ya sallame shi, ya ba shi ƙaramar rumfar da ke jikin bango, wadda aka cika da tsofaffin tayoyi, shi ma ya zama mai wurin kansa. Duk ranar da ya ɗauko maganar, sai Kawu ya ce da saura, ya ci gaba da faci.

Keken ja ne, tayoyinsa kauri kamar na babur. Rediyonsa mai kaset biyu ya bayar, ya haɗa da tattabarunsa shida, aka ba shi. Amma ba launin ne ya ruɗa shi ba, birkin ne. Kowane keke a garin robobi biyu ne da shi, suna matse bakin wili idan an ja birki. Wannan kuwa wani faifan ƙarfe ne mai huda-huda a tsakiyar taya, da ɗan ƙarfe mai cije shi. Yatsa ɗaya ka sa, keke ya kafe.

Kwana uku Mikail bai ci abincin kirki ba. Daga Ƙofar Ruwa zuwa Zaitawa, daga Zaitawa zuwa gindin Dala, ya taho a guje kamar zai shige majalisar dattawa, sai ya dab da tabarmarsu ya tsaya cak, ya yi sallama. Aka zage shi, aka sa masa albarka, aka roƙe shi ɗani. Aibin birkin ɗaya ne, duk sanda ya kama sai ya yi wata ƙara mai tsinka kunne, awaki su watse.

Kawu Ashafa bai ga abin burgewa ba. A teburin Jibrin mai shayi ya bayyana ra'ayinsa: wanda zai tsayar da taya a baki zai kama ta, ba a cibiya ba, kuma shekara arba'in yana gyaran keke bai taɓa ganin ƙarfe mai lafiya yana kuka haka ba. Mikail ya ce ai da rani kowane birki jarumi ne, a bari ruwa ya sauka. Bakin wili ya sha ruwan kwata da taɓo, robar sai ta riƙa sulɓewa, mutum ya koma birki da silifas. Faifai kuwa yana can sama, ruwa bai isa wurinsa ba. Kawu ya ce silifas ɗin ma ai birki ne, kuma bai taɓa ba shi kunya ba. Masu shan shayi suka rabu biyu, har wani ya kifar da kofinsa garin kwatanta yadda taya ke juyawa.

Da gardama ta yi zafi, Kawu ya ajiye burodinsa.

"To shi ke nan, ɗan nan. Ranar da aka yi ruwa mu gangaro daga Dala, ni da kai. In naka ya riga nawa tsayawa, rumfar bango taka ce. In nawa ya riga, shekara biyu ba na son jin maganar."

Jibrin ya ce shi ne alƙali, tun da shi ne bai iya keke ba.

Ruwan ya sauka ranar Asabar da asuba. Mikail ya fito daga masallaci yana tsalle a kan kududdufai kamar wanda aka yi wa bushara. Da ya isa rumfa ya tarar Kawu ya riga shi buɗewa, kekunan biyu suna jingine a waje suna sheƙi. Kawu ya ce duka ya duba su, ya ƙara iska, ya gyara abin da ke son gyara, don kada gobe a ce ya ci yaro da zalunci. Mikail ya yi godiya. Hankalinsa yana kan inda zai rataya famfo a sabuwar rumfa da irin fentin da zai rubuta sunansa da shi.

Suka tura kekunan har saman gangaren, mutane na biye da su. Labari ya riga su zuwa. Maƙera sun bar wuta, masu awo sun rufe kwano, mata na leƙe ta zaure. A ƙasa Jibrin ya ja layi da gawayi a jikin wani bango da aka lulluɓe da hotunan masu neman kansila, ya tsaya da hularsa a hannu. Sharaɗin shi ne babu mai taɓa birki sai ya zo layin, wanda ya fara tsayawa bayan nan ya ci.

Kawu ya naɗe babbar rigarsa ya ƙulle a ciki, ya hau tsohon baƙin kekensa. Jibrin ya ɗaga hula.

Iska mai sanyi ta cika wa Mikail riga. Ruwa na fallatsa ta ko'ina, gidaje na wucewa, Kawu na gefensa ya sunkuya, gemu ya koma baya. Mikail ya ji dariya na taso masa tun daga ciki. Ga layi nan. Ya sa yatsa ɗaya, don mutane su gani, ya ja.

Shiru. Babu ƙara, kuma babu birki.

Ya sa yatsu biyu. Ya sa hannu duka, hagu da dama, ya matse har ƙarfen birkin ya taɓa robar mariƙi. Keken ya ci gaba da tafiya lafiya lau, kamar ma ya ji daɗi. Ta wutsiyar ido ya ga Kawu yana jan ƙafafu biyu a taɓo, robobin birkinsa na gurnani, silifas ɗaya ya fice, amma yana tsayawa. Shi kuwa Mikail ya wuce Jibrin, ya wuce duk masu neman kansila, ya ratsa tsakanin wata tunkiya da 'ya'yanta, ya ba mai tallan rake haƙuri a guje. Abin mamaki, dariyar ba ta bar shi ba. Yana yi yana salati har ya hango tulin yashi a ƙofar wani gida da ake gini, ya ce nan ne, ya nufe shi.

Tayar gaba ta nutse. Mikail ya tashi sama ya sauka a bayan tulin, rigingine, yana kallon gajimare.

Kafin jama'a su iso ya rarrafo wurin keken. Ya shafa faifan da yatsa. Baƙin mai ne, dumu-dumu, gaba da baya, kuma a cikin wata huda ga ɗan gashin kaza ya maƙale. A duk Ƙofar Ruwa mutum ɗaya ne ke shafa wa keke mai da gashin kaza, daga wani gwangwanin madara da ya girmi Mikail. Kawu ya ji ƙarfe na kuka, ya yi masa abin da yake yi wa duk ƙarfen da ya yi kuka.

Jama'a suka kewaye shi, wasu na riƙe ciki. Jibrin ya iso yana haki, ya tambaya me ya faru da birkin Turawa. Kalma biyu za su ba Mikail rumfa a take, a gaban shaidu. Kalmomin nan biyu kuma za su sa a yi shekara ana ba da labarin tsohon mai gyara da ya zuba wa birki mai. Ga Kawu nan ya ƙaraso da silifas ɗaya, ana ɗaga masa hannu, fuskarsa kamar ta ango.

Mikail ya goge yatsan a wandonsa.

"Bai kama ba ne kawai," ya ce.

Aka sake fashewa da dariya. Jibrin ya yanke hukunci, aka watse ana ta maimaita yadda tunkiyar ta yi.

Su biyu suka kama hanyar rumfa, Mikail na ɗage tayar gaba da ta lanƙwashe. Kawu na ta kallon baƙin tabon da ke wandon Mikail. Sai da suka shiga wani lungu da babu kowa ya yi gyaran murya.

"Wannan faifan, ba a sa masa mai ne?"

"Ba a sawa, Kawu."

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo."

"To kukan fa?"

"Haka yake yi in yana da lafiya."

Kawu ya tsaya. Ya jingina kekensa da bango, ya dafa sirdi, kafaɗunsa suka fara rawa. Mikail ya ɗauka kuka yake, sai ya ji dariya ce, irin wadda ba ta fita sai ta hanci. Shi ma ya kama. Suka yi ta yi a lungun mutane har wata tsohuwa ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Da Kawu ya samu numfashi, ya share ido da bakin riga, ya ce shi dai ya tsufa da koyon ƙarfen da ke kuka don lafiya. Irin kekunan nan kuwa za su ci gaba da shigowa, dole a samu inda za a riƙa tura masu su.

"Jeka ka kwashe tayoyin nan daga rumfar bango. In Jibrin ya tambaya, ka ce tausayinka na ji."

Mikail ya saki keken a tsakiyar lungu ya zuba a guje. Sai da ya kai bakin titi ya tuna, ya dawo ya saɓa shi a kafaɗa, ya sake zubawa.