Shukar Farko Bayan Baba Yari

Baba Yari ya rasu da bazara, ana tsakiyar kwashe albasa daga fadama. A Dinawa aka haife shi, a nan ya yi noma tun yana bin mahaifinsa gona har ya tsufa, ba a taɓa jin ya yi wata sana'a ba. Ba shi da sarauta, ba ya limanci, ko a majalisa ba mai yawan magana ba ne. Abu ɗaya aka san shi da shi. Duk shekara idan ruwa ya fara sauka, ba mai zuba iri a ƙasa sai ranar da aka ga Baba Yari ya saɓa sungumi ya nufi gonarsa ta tudu. Wata shekarar ruwan farko yake shukawa. Wata shekarar kuwa sai a yi ruwa har kududdufai su cika, yana zaune ƙofar gida yana tufka igiya, gari duka na jiransa.

Ɗansa Musaddiq makanikin injin ban-ruwa ne a Goronyo, rabonsa da noma tun yana saurayi. Da damina ta matso ya rufe shago ya dawo gida, don kada gonar ta kwana, ga kuma mahaifiyarsa Habi ita kaɗai.

Ruwa ya sauka wata la'asar, mai ƙarfi. Da safe Musaddiq ya fito zaure ya tarar da maza sun cika ƙofar gida. Ya ɗauka ragowar masu ta'aziyya ne, har ya ɗaga hannu za a yi addu'a, sai maƙwabcinsu Ɗahiru ya ce, "Musaddiƙu, mi kac ce? A shuka, ko a dakata?"

"Ni? Ni mi nas sani?"

"Kai ka ɗanai. Lalle ya hwaɗa maka yadda shika ganewa."

Bai faɗa masa ba. Musaddiq ya ce su ba shi lokaci, ya koma ciki ya sami Habi tana tankaɗe.

"Inna, Baba mi shika dubi kahin shi yi shuka?"

Ta ajiye rariya. "Gwiwatai ta," in ji ta. "In ruwan mai ɗorewa na, gwiwar ka yi mai tsami. Haka nika gani dai. Shi bai taɓa ce min komi ba."

Ƙanwarsa Sharifa, wadda ke aure a Rabah, da ya kira ta a waya dariya ta yi. Ta ce ba wata gwiwa, ita da idonta ta sha ganin Baba yana tona ƙasa bayan gida, yana cusa hannu har gwiwar hannu don ya ji inda laima ta tsaya. Musaddiq ya je bayan gida ya tona, ya cusa hannu. Ƙasa da sanyi. To sanyin ya isa ko bai isa ba? Ya tsaya yana kallon ramin, ya rasa abin da ake nema a ciki.

Sai ya tafi wajen Baba Lauwali, aminin mahaifinsa, wanda gonarsa ke iyaka da tasu. Tsohon ya saurare shi yana susar gemu.

"Ni dai abin da Yari yac ce min, ni shika kallo. Wai in ya ga na hiddo iri ina shanyawa, shi san lokaci ya yi."

"To Baba, kai mi kaka dubi?"

"Ni? In na ji shina wasa sungumi ta bayan danga, sai in hiddo iri."

Musaddiq ya dube shi ko wasa yake yi. Ba wasa a fuskarsa, shi ma kamar yanzu ne abin ya fara ɗaure masa kai.

Haka aka kwana biyu ba wanda ya shuka. A masallaci, a bakin kasuwa, duk inda ya bi sai a bi shi da ido. Wata safiya ya ɗauko sungumin don ya duba, ya ga bakin ya yi girgiɗi a ƙota. Ya saɓa shi a kafaɗa zai kai wa maƙeri. Maƙerar kuwa tana bakin gari, kan hanyar tudu. Bai sami maƙerin ba, ya zauna jira. Yana zaune ya fara ganin mutane na wucewa da sunguma da ƙoren iri, wasu a kan jakuna, wasu a kan babura. Ɗahiru ya ɗago masa hannu.

"Allah shi yi maka albarka, ɗan Yari!"

Musaddiq ya miƙe da gudu. "Ku tsaya! Gyara nik kawo shi!"

Waɗanda suka ji suka yi dariya, suka ce haka ubansa yake, ba ya taɓa yarda shi ne ya ce a yi. Kafin azahar tudu ya cika da mutane. Da ya ga ba mai komawa, shi ma ya ari sungumi ya shuka tasu gonar.

Daga nan ruwa ya ɗauke. Hatsi ya tsiro, rana ta buɗe a kansa. Gonakin da ke kan rairayi suka ƙone, na gangare suka yi yaushi amma suka riƙe. Musaddiq ya daina zama majalisa, yana jiran ranar da za a zo a tsine masa. Ɗahiru, wanda rabin gonarsa ta tafi, ya zo kam, amma iri ya zo nema, Habi ta ɗebar masa daga rumbu. Da ruwa ya dawo aka sake shuka inda ya mutu.

A gona Musaddiq ya ce wa Baba Lauwali, "Baba, ni nij ja ma mutane wagga hasara."

"Wace hasara? Yari ma ya sha yin haka. Akwai shekarar da munka shuka munka sake, munka ƙara sakewa."

"To don mi kunka ci gaba da bin shi?"

Tsohon ya dogara da sungumi. "Wanda yar riga kowa shuka, zabi da tsuntsaye gonatai suka tarar ma. In anka hito tare, kowa shi ɗan taɓu. Ko kuwa dai sabo na. Wallahi ban sani ba, ɗana. In munka gan shi gaba, hankalinmu kwance shike."

Kaka ta zo tsaka-tsaki, ba a cika rumbuna ba, ba a kuma yi kuka ba. A wajen ɗaurin dammuna wasu suka ce da Baba Yari na nan da ya dakata, wasu suka rantse cewa shi ma a ranar zai fita. Musaddiq yana jinsu, ya kasa cewa ga mai gaskiya. Mutumin da suke ta musu a kansa shi ne ya haife shi, amma ji yake kamar labarin wani baƙo ake ba shi.

Ranar da zai koma Goronyo, yana ɗaure buhun gero a bayan babur, Ɗahiru ya leƙo ta kan danga ya ce baɗi ya dawo da wuri, kada ruwa ya riga shi. Musaddiq ya buɗe baki zai sake maimaita zancen maƙera, sai Habi ta fito da ƙullin kuka da daddawa ta ce ya sa a jaka, kuma ya bi a hankali, hanyar ta zaizaye wajen gada.