Kilo Biyun da Suka Ƙi Tafiya

Ɗanasabe ya sauka daga kan sikeli, ya cire hula da takalmi, ya sake hawa. Tsinken ya ɗan yi rawa ya koma inda yake, ɗari da biyu. Ya zaro waya da makullai daga aljihu ya miƙa wa mai shagon maganin, ya fitar da numfashi har ƙarshe, ya kuma hawa. Ɗari da biyu dai. Mai shagon ya juya baya yana gyara kwalaben da ba su nemi gyara ba, don ya san idan dariya ta kuɓuce masa yau sai an raba su.

Ɗanasabe mahauci ne a Talata Mafara. Fawa gado ce a gidansu, kuma a lokacinsa shi kaɗai yakan murɗe wuyan bijimi ya kai shi ƙasa kafin a gama neman igiya. Ƙaba ce ta zaunar da shi. Ta ɓullo masa a cibiya tun bara, ta yi ta girma, har ta kai ko cinyar sa ya ɗaga sai ya ji cikinsa zai yage. Sujada ma sai da dabara. Yanzu ƙaninsa Murtala ke kayarwa yana feɗewa, shi kuwa yana kan benci yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi. Wannan zaman ya fi ciwon cin ransa.

Likitar da ta duba shi a asibiti ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce aiki za a yi, amma ba a kan wannan teɓa ba, don ɗinki ba ya riƙe ciki irin nasa, ga shi suga ya fara leƙowa. Ta ce akwai likitocin tiyata da za su zo kafin damina ta faɗi, su yi 'yan kwanaki su wuce, kuma ba za a sake ganinsu ba sai bayan kaka. Saboda haka ya yi ƙoƙari ya sauko ƙasa da kilo ɗari kafin zuwansu. Sannan ta jero masa abin da zai bari: tuwo, shinkafa, fura, burodi, rogo, rake da lemon kwalba. Da ta kai aya, Ɗanasabe ya tambaye ta cikin ladabi ko akwai abin da ya rage a duniya. Ta ce akwai nama da ƙwai da kifi da ganye.

Maganar Allah, ya yi ƙoƙari. A ƙasar da shinkafa ke shimfiɗe daga bayan gari har Bakura, mutum ya zauna da kwanon kwaɗon zogale yana jin ƙamshin dafa-duka daga maƙwabta, ai ba ƙaramin jarumi ba ne. Matarsa Hindu ta ware masa tukunyarsa daban. Da farko abin ya yi daɗi. Ya faro daga ɗari da ashirin, nauyi ya riƙa zuba, mazagin wando ya ƙara tsawo, abokan sana'a suna tsokanarsa wai ango ya dawo. Duk ranar kasuwa sai ya biya shagon magani ya hau sikeli, ya sauko yana washe baki.

A ɗari da biyu abin ya ja birki. Mako ya bi mako, abinci bai canja ba, ko loma ɗaya ta tuwo bai saci ci ba, amma tsinken ya kafe. Kilo biyu fa. Abin da yakan yanka wa mai abinci da safe ba tare da ya kalli wuƙa ba, shi ne ya tsaya tsakaninsa da lafiyarsa.

Sikelin ya fara ɗora wa laifi. Ya ce ƙarfen ya tsufa, mai shagon kuma ba ya share shi. Ranar kasuwar Damri ya hau mota takanas ya je, ya roƙi masu awon hatsi suka sauke buhu, ya hau nasu a gaban jama'a. Suka leƙa, suka faɗa masa da ƙarfi yadda na bayan layi ma zai ji: ɗari da biyu. Wani ya tambaya ko a ɗinke bakin buhun. Ya hau mota ya dawo gida.

Da laifin ya tashi daga kan sikeli sai ya sauka kan Hindu. Ya zauna gaban kwano yana juya miya da cokali, yana harararta.

"Ke, mi kinka sa ma miyag ga har tay yi kauri haka?"

"Kuɓewa ta, Maigida. Ko ita ma ta koma shinkahwa?"

Ya ce shi dai ya san ana zuba masa gari a ɓoye. Hindu ta ajiye ludayi. Mace ce mai haƙuri, amma ta gaji da dafa tukunya biyu ana saka mata da harara. Ta ce tun da ya fara wannan abu ba ta ci tuwo a gabansa ba, sai ta laɓe a madafa, don kada ransa ya biya. Ta ce maimakon ya riƙa yawo yana hawa sikelin mutane, ya koma wurin likita ya gaya mata abin ya tsaya, ita ce ta san dalili. Ɗanasabe ya ce ba zai je ba. Da wane ido zai kalle ta? An ce masa ɗari, ya je da ɗari da biyu? Shi a sana'arsa idan an ce kilo, kilo ake nufi, wanda ya kawo ƙasa ko sama da haka ya san abin da ake kiransa.

Sai ya ƙara matse kansa. Ya bar cin dare, ya rage naman, ya koma shan ruwan zafi da lemon tsami da wani ya ce yana narka kitse. Abin da ya narke haƙurinsa ne kawai. A mahauta ba mai iya yi masa magana, a gida ko kaza ta gifta sai ta sha zagi. A wurin wani suna aka ajiye tiren waina a gabansa, ya tashi ya tafi tun ba a shafa fatiha ba. Ya koma shagon magani da yunwar da har idonsa ke yin duhu, tsinken ya nuna masa abin da ya saba nuna masa. A ranar ya ji tsoro na gaske, don labari ya iso cewa likitocin suna tafe a mako mai zuwa.

Cikin wannan hali suka je Maradun shi da Murtala sayen dabba. Suka dace da wani bijimi da wani mutumin Damaga ya kawo, ya ƙoshi, fatarsa sai sheƙi take. Ba a sami motar da za ta ɗauko shi ba, sai aka ba masu kora suka taho da shi a ƙasa. Bazara ce, rana kamar ta faɗo, kuma masu koran ba su tsaya shayar da shi ba. Da ya iso Mafara kwiɓinsa ya faɗa, ƙashin ƙugu ya fito. Murtala ya yi ta faɗa, yana cewa an zubar musu da nama a hanya.

Ɗanasabe bai taya shi faɗan ba. Tsayawa ya yi yana kallon kwiɓin nan. Kowane ɗan kasuwar shanu ya san yadda ake cika dabba: a lasa mata kanwa, ta sha ruwa ta ƙoshi, ta shiga kasuwa da nauyinta. To ga shi an yi akasin haka, kuma cikin yini guda nauyi ya gudu. Abin da zogale ya kasa yi a wata da watanni, rana da ƙishirwa sun yi shi kafin la'asar. Ya ji wani sanyi a ransa, irin na mutumin da ya tabbata ya fi kowa wayo.

Ana gobe za a auna waɗanda za a yi wa tiyata ya yanke wa kansa ruwa. Ya sayo ganyen filasko, mai wanke ciki, ya dafa da kansa a bayan ɗaki ya shanye kofi guda mai kauri. Ya zura babbar riga a kan kaftani, ya bi hanyar gonakin shinkafa da tsakar rana yana tafiya, gumi na tsiyaya. Ya dawo ya shiga zarya tsakanin ɗaki da bayan gida. Hindu ta tsinci tukunyar, ta sunsuna, ta zo ta tsaya a kansa da moɗar ruwa a hannu.

"Don girman Allah ka kurɓa ko kaɗan, Maigida. Kai ba sa ba na."

"Ai ni na san abin da nika yi. Gobe war haka an gama, ki ba ni randa in shanye."

Ta yi roƙo, ta yi fushi, ta ce za ta kira Murtala. Ya ce idan ta kira shi bai yafe ba. Ta ajiye moɗar kusa da shi ta fita, moɗar ta kwana a cike.

Da safe Murtala ya kai su asibiti. Leɓen Ɗanasabe ya bushe ya tsage, harshensa ya yi nauyi, amma da aka kira sunansa da kansa ya taka zuwa sikeli. Nas ta leƙa ta ce casa'in da tara da rabi. Ya sa ta maimaita. Ya juyo yana neman idon Hindu don ta ga wanda ya yi gaskiya, sai ya ga bangon ɗakin yana karkacewa. Ya kai hannu zai dafa tebur, bai same shi ba.

Ya farka a kan gado, da allura a hannu da ledar ƙarin ruwa a rataye a kansa. Hindu na zaune a gefe, idonta ya yi ja. Likita na tsaye da sakamakon gwajin jini, kuma daga ganin fuskarta an riga an ba ta labarin filasko da babbar riga. Ta gaishe shi da jiki yadda ya kamata, sannan ta ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, ƙodarsa ta wahala, kuma ba likitan da zai sa wa mutum allurar barci a wannan hali. Sai jikin ya huta ya dawo daidai, kafin nan kuwa baƙin likitocin sun tafi.

Ya yunƙura zai tashi. Ya ce ai ya cika sharaɗi, a tambayi nas, ita ta gani da idonta.

"Malam Ɗanasabe, ruwa ka zubar, ba kitse ba, ga shi muna mayar maka da shi," in ji likita. "Tsayawar da nauyinka ya yi ba laifinka ba ne. Haka jiki yake yi, ya sauka, ya tsaya ya huta, sannan ya ci gaba. Ka sauke kilo goma sha takwas, suganka ya daidaita. Da ka zo mini jiya da ɗari da biyunka, da yau an yi maka aiki."

Ta ce ya ci gaba da abincinsa yadda yake yi, ya sha ruwa, su haɗu bayan kaka. Ta wuce gado na gaba.

Ɗanasabe ya kwanta yana kallon ruwan yana ɗiga cikin jijiyarsa. Ya jira Hindu ta ce ai ta faɗa masa, ko ya sami abin yin faɗa, amma sai ta gyara masa mayafi kawai. Damina guda ke nan zai sake yi a kan benci da wannan ƙullutu a cibiya, kuma ba sikeli ko tukunyar da zai ɗora wa laifi.

Can sai aka turo wani a gadon tura marasa lafiya, za a shiga da shi ɗakin tiyata. Wani manomi ne daga Ruwan Gizo da suka zauna layi tare da safe, shi ma ƙabar ce ta kawo shi. Yana kwance cikin koren zane, tumbinsa ya yi tudu, yana ɗaga wa 'yan uwansa hannu. Ɗanasabe ya bi shi da idon da ya shekara talatin yana auna dabba tun tana tsaye, idon da bai taɓa kuskure ba. Ko shakka babu mutumin nan ya haura kilo ɗari da biyar.

Ya juya fuskarsa bango, ya ce wa Hindu ta ja labule.