Maratayin Agogon Mushe

Magagi ya daɗe da daina son a kawo masa agogon bango. A rumfarsa ta bakin kasuwar Filinge rediyo da tocila yake gyarawa yanzu, su ma da ƙyar, don idanunsa sun fara dushewa. Yana zaune ran kasuwa da hantsi, wata dattijuwa ta sauke kwali daga kanta ta ajiye a gabansa.

"Malam Magagi, kai aka ce in kawo ma," in ji ta. "Sunana Hamida. Agogon maigidana ne, Abdulgafar, wanda ya yi koyarwa a makarantar lakwal ta Abala, shi ya sa ake ce mai Mushe."

Ta ce bara suka baro Abala saboda rashin kwanciyar hankali, aka cusa kayansu cikin mota tare da na mutane. Tun daga nan agogon bai ƙara motsi ba. Mushe kuwa ciwon suga ya cinye masa ido, yana kwance a ɗaki, tun da agogon ya daina buga awa bai san safe ba bai san yamma ba sai ya tambaya.

Magagi ya buɗe bayan agogon. Lilon yana nan, amma siririn ƙarfen da ake rataye shi a jiki ya karye, rabinsa ma ya ɓata.

"Maratayin lilo ne ya tahi," ya ce. "Ba a saida irinai nan, ko Yamai ban ce a samu ba."

"To mi za mu yi?"

Ya so ya ce ta mayar da shi gida. Sai ya dubi ƙafafunta da suka yi futu-futu, ya jawo wani tsohon gwangwanin madara ya zazzage a kan tabarma. Marataya ne na matattun agogai, dogaye da gajeru, wasu duk tsatsa. Ya yi mata bayani cewa idan maratayi ya yi tsawo agogo zai riƙa jinkiri, idan ya gajarta sai ya yi ta gudu, kuma da yake rabin tsohon ya ɓata, ba shi da abin da zai gwada da shi. Sai dai a rataya, a wana, a jira a gani.

Haka aka shiga jira. Na farko ƙugiyarsa ba ta kama lilon ba. Na biyu ya kama, amma kafin gari ya waye agogon ya wuce lokacin da rediyo ke faɗa da nisa. Hamida kan zo ta zauna a bakin rumfa, ta tambaya, ta tashi ta koma. Magagi kan koma gida da ciwon kai, idanu na zubar da ruwa. Matarsa Nasiba ta ce ya bar aikin nan haka, ya ce ya ji, washegari kuma ya koma kansa.

Daga ƙarshe ya ɗauki wani mai ɗan tsawo, ya rage shi da magagari, ya lanƙwasa bakinsa. Agogon ya kama tafiya, yana ɗan jinkiri. Ya san da a shekarun baya ne da ya ƙara ragewa har ya daidaita, amma yanzu idanunsa sun gaza, kuma ba shi da wani idan wannan ya lalace.

Shi da kansa ya kai agogon gidan da suke haya, ya kafa ƙusa a bangon ƙasa. Mushe ya kasa kunne daga kan gado.

"Shina ɗingishi, Malam. Karkato shi dama kaɗan."

Magagi ya karkata shi har bugun ya daidaita. Tsohon ya ce madalla, ya juya ya gyara kwanciya.

Bayan damina Hamida ta biyo ta rumfar da ƙullin gero. Ta ce kowane mako, kafin sallar Juma'a ta zagayo, agogon ya yi baya.

"Ki kawo shi in sake dubawa," in ji Magagi, ba da son ransa ba.

"A'a, bar shi. Ni ka tura hannun da yatsa in na ji kiran salla. Ba ni iya sake ɗauko shi."

Magagi ya karɓi geron ya yi godiya, ya ce ta gaida Mushe. Ta saɓa mayafinta ta nufi wajen masu kayan miya.