Fuskar Ajimi

Shekara goma sha ɗaya Moïse ya yi a Diffa yana zana hannuwa. Hannu da sabulu, hannu da buta, hannun uwa riƙe da gidan sauro. Duk bangon da wata ƙungiyar agaji ta so a yi wa ado, shi ake kira, ya zana, ya rubuta "A wanke hannu kafin a ci abinci" a ƙasa. Da wannan yake ciyar da matarsa Hannatu da 'ya'yansu biyu, kuma bai raina ba. Sai dai ba don haka ya baro Dogondutsi ba. Kowace safiya kafin ya buɗe gwangwanin fenti yakan sunkuyar da kai ya ce, "Ubangiji, kai ka ba ni hannun nan, ka sa wata rana a san shi." Addu'ar ta daɗe har ta fara ba shi kunya.

Wata Talata, ranar kasuwa, wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar shagonsa da kwandon busasshiyar kuɓewa a ka. Ta daɗe tana kallon wani mai aski da ya zana a allon talla, sannan ta yi masa gaisuwar Barebari.

"Wushe, ɗana. Kai ne mai yin mutane?"

"Ni ne, Iya. Shigo daga rana."

"Wanda ba ka taɓa gani ba fa, kana iyawa?"

Sunanta Fati, a Assaga take zaune cikin 'yan gudun hijira. Ɗanta ɗaya ne, Ajimi, manomin tattasai a bakin kogin Komadugu. Ranar da suka gudu, shi ya goyo ta har tudu, sannan ya koma ɗauko injin ban-ruwansa. Ba a sake ganinsa ba. Hotonsa guda ne a duniya, na katin ɗan ƙasa, kuma yana aljihunsa ya tafi da shi.

Haka suka fara. Duk Talata in ta sayar da kuɓewarta sai ta zo ta zauna kan benci, tana faɗa yana zanawa. Sunan Moïse ya ƙi bakinta, ta mai da shi Musa. "Hancin ya fi haka tsawo, Musa. Idon kamar mai jin barci, amma ba abin da ke wuce shi." Ya goge, ya sake. Da aka zo kan tsagar fuska, hannunsa ya yi abin da ya saba gani tun yana yaro, ya ja layi ɗaya daga gefen baki zuwa kunne, irin tsagar mutanen Dogondutsi da ke kumatun kakansa. Ranar ce ya fara jin dariyar Iya Fati.

"Kai, ka mai da mini ɗa Bamauri!"

Ya shafe, ya jera tsagar Barebari a miƙe kamar da rula aka ja su. Ta girgiza kai. Ta matso, ta sa farcen ƙaramin yatsanta cikin ɗanyen fenti, ta ja su ɗaya bayan ɗaya da kanta. Ta uku a kuncin hagu ta karkatar da ita, don a cewarta jaririn ya zabura a hannun wanzami. Da ta gama ta ja da baya ta duba. Sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi, Moïse kuwa ya fita waje ya ba ta wuri.

Ta ƙi tafiya da hoton. "Ɗakin da nake salla ba a rataya hoto, ga shi ruwa na zuba in damina ta yi. Ka ajiye mini shi nan." Ya buga ƙusa ya rataye shi. Shekara biyu tana zuwa. Yanar ido ta fara rufe mata gani, don haka da yatsu take gaishe shi, ta bi tsagar nan tana ba shi labarin wanda ya yi aure da yadda tattasai ya yi bana. Moïse yakan kashe rediyo har ta gama.

Sai ga Madam Priscille daga Yamai, mai shirya baje kolin zane-zane, ta biyo wani aiki ta shigo shagon neman inuwa. Ba ta ko kalli hannuwan sabulu ba. Ta tsaya gaban Ajimi ta ce wannan take so, sati uku kawai, shi da mai zanen. Motarsu za ta tashi ranar Litinin.

"Ka tambayi Iya tukuna," in ji Hannatu.

"Ai aro ne. Kafin ta ankara na dawo."

"Moïse, Assaga ba nisa. Hau babur ka je."

Bai je ba. Ya san abin da za ta ce, shi ya sa. Ranar Lahadi Fasto Emmanuel ya kira shi gaban jama'a, ya ɗora masa hannu, ya gode wa Allah da ya buɗe wa ɗan'uwansu ƙofa. 'Yan tsirarun da ke cocin suka yi ta tafi, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan tireda, kowa na jin kamar shi aka gayyata. Amin ɗin Moïse ta fi ta kowa ƙarfi.

A Yamai abin da ya roƙa ya samu, har ya wuce. Mutane suka yi ta cincirindo gaban hoton, aka yi hira da shi a rediyo, aka rubuta sunansa daidai a jarida. Wani Bature daga wani gidan adana zane-zane na ƙasar waje ya ce zai saya. Madam Priscille ta ja shi gefe ta ce in hoton ya shiga can, ya gama zana buta har abada. Ya tuna da Iya, ba wai bai tuna ba. Amma ya ce wa kansa hoton na cikin wayarsa, hannun kuma nasa ne, kwana nawa zai ɗauka ya sake wani? Ya sa hannu a takarda. Aiki ya yi ta zuwa, sati uku suka zama wata biyu.

Da ya dawo, Hannatu ta bari ya ci abinci tukuna.

"Talata takwas tana zuwa. Ni nake buɗe mata shagon, ta zauna gaban ƙusa."

"Me kika ce mata?"

"Na ce kun yi tafiya tare. Sauran kai za ka faɗa."

Kwana huɗu ya yi a kulle yana kallon waya yana zanawa. Maganar gaskiya, sabon ya fi na farko kyau, don hannunsa ya ƙara gogewa. Ya rataye shi a ƙusar, ya zauna yana jiran Talata.

Ta zo da sanda, idon ya ƙara rufewa. Ta yi masa barka da hanya, ta tambayi iyali, ta ce ta ji an faɗi sunansa a rediyo, Allah ya ƙara ɗaukaka. Sannan ta lalubi bango ta ɗora yatsu kan kuncin hoton. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa. Sumul.

"Musa, wane ne wannan?"

Ya durƙusa ya faɗa mata duka, bai rage komai ba. Ya tashi da sauri ya kwaɓa fenti ya shafa a kumatun hoton. "Iya, ga shi ɗanye. Ki sake ja, kamar wancan karon."

Ta ɗaga ƙaramin yatsan. Ya tsaya a iska, bai sauka ba. Ta kai shi dama, ta dawo da shi hagu.

"Wadda ta karkace, wane gefe ne?"

"Hagu, Iya. Ta uku."

"Ka ga, kai ka sani. Ni da na haife shi ban sani ba." Ta sauke hannun. "Da can kullum sai na bi fuskarsa a kaina, kada ta ɓace mini. Tun da muka sa shi a allo na huta. Na ce ai yana wurin Musa."

Da ta zage shi, da ya ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ya ji baƙin cikin da bai taɓa jin irinsa ba, ya nemi ko addu'a ya yi a zuci, ya rasa ta inda zai fara. Fentin ya bushe a kumatun suna zaune.

Can ta lalubi sandarta ta miƙe. Har ta kai ƙofa, sai ta juyo, cikin ladabi, kamar mai tsoron ta dame shi.

"Ɗana, garin nan da aka kai shi, mota na zuwa?"