Waiwaye a Garin Cikin Leda

Daren jiya wani mafarki ya zo mini, zan faɗe shi yadda na gan shi.

Sunana Sallau. Shekarata goma sha ɗaya ina kula da injin da ke narka ƙwayar roba yana fitar da leda, a wani kamfani a Sharaɗa. A mafarkin sai na tsinci kaina a cikin ledar kanta. Gari ne guda, sama fari, ƙasa fari. Mutanensa dogaye ne kamar taliya, kowa ya sarƙe da na kusa da shi. Ni ma na yi tsawo, ƙafata tana wata unguwa, ina jin ana taka ta, ban damu ba. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tashi ya tafi sama, don haka haɓa ce kawai ke jiƙewa.

Sai aka kira sunana daga baya. Muryar Yaya Uwani ce, yayata da ta rasu bara. Ranar da ta cika ina bakin inji. Sau biyu aka aiko, na ce sai na tashi daga aiki. Kafin in isa an rufe fuskarta.

Na yunƙura zan waiwaya, wuyana ya ƙi.

Wani tsoho mai suna Baba Barau, wanda hannunsa ya naɗe ƙuguna sau uku, ya ce, "A hankali, ɗan nan. A garin nan mutum ba ya waiwaye shi kaɗai. Sai na gusa, na gabana ya gusa, har mutum arba'in, kafin a samu gurbin da wuyanka zai bi."

"To ku gusa mana, Baba."

"Zuwa ina? Tun hantsi aka ƙara matsi. Ɗan sararin da ke tsakaninmu ya tafi. Da jiya ne, ƙiftawar ido ta isa."

Na ce zan kai ƙara ofis. Ya ce nan ba a zuwa ofis, ofis ne ke zuwa.

Ana cikin haka sai ga shi an turo a kan baro: tebur, kujera, da wata jar akuya sanye da tabarau. A gefenta akwai sitiyari irin na tirela, da ma'auni mai allura. Takardar kokena tana hannuna, ko da yake ban tuna rubuta ta ba. Akuyar ta karɓa, ta cinye, ta ce an shigar.

Na ce, "Ranki ya daɗe, waiwaye ɗaya nake nema."

"Ai ba a hana ka ba. Ka ma fara. Duk juyi ɗaya na sitiyarin nan, jira yana ninkuwa sau goma. Yau na juya shi sau tara." Ta dubi allurar. "Waiwayenka zai kammala nan da shekara tara da wata shida."

"Me ya sa aka ƙara matsin?"

"Ana so a ga yadda za ku yi. Muna rubutawa."

Daga baya Yaya Uwani ta sake kira na, ba da ƙarfi ba, irin kiran da take yi in tuwo ya fara hucewa.

Na tambayi akuyar ko babu wata hanya. Ta ce akwai, abin da matsi ya ɗaure zafi ke kwance shi, amma matsi mai yawa zafi mai yawa yake so. Ta jawo kasko cike da garwashi daga ƙarƙashin tebur, ta ajiye a gabana, ta soma fifita da kunnenta.

Jikin mutane ya fara laushi. Hannun Baba Barau ya sassauta. Wuyana ya motsa kamar faɗin ƙwayar gero, sannan kamar faɗin yatsa. Na hango gefen mayafi ruwan ƙasa.

A tsallaken titi akwai Unguwar Sahu. Mutanenta a ninke suke, a jere, kamar kayan guga, ba sa motsi ba sa magana. Na ga layinsu na farko ya fara lanƙwasa.

Baba Barau ya ce, "Waɗancan su ke riƙe da garin. In suka narke, kowa zai saki kowa, mu kwarara." Bai roƙe ni ba. Yadda ake faɗin ranar kasuwa haka ya faɗa.

"Yayata fa?"

"Ita ma a garin take."

Na tsaya ina kallon garwashin. Saura kaɗan in ga kunnen Yaya Uwani. Sai na ce wa akuyar ta ɗauke kaskon. Ta ɗauke, ta cinye garwashi ɗaya, ta rubuta wani abu. Garin ya sake ƙanƙamewa, wuyana ya tsaya a inda ya kai.

Yaya Uwani ta ce, "Sallau, wa ya ce sai ka juyo? Har yanzu komai sai ka yi shi da ƙarfi. Miƙo ɗan yatsanka baya."

Na gwada ƙaramin yatsana. Ya motsa, bai nemi kowa ya gusa ba.

Akuyar ta ce, "Wannan ƙaramin motsi ne, ba ya cin wuri. Matsinmu bai cika kama shi ba." Aka tura ofishin ya wuce.

Yatsa ya taɓa yatsa. Nata da ɗumi, da kaushin wanki.

Na ce, "Yaya, an aiko sau biyu."

"Sau uku," in ji ta. "Na ukun ni na ce a bari, kada a tayar maka da hankali a bakin inji. Ka ci abinci kuwa?"

Na buɗe baki zan amsa, sai na ji ƙarar cokali a gindin tukunya. Matata ce a tsakar gida take kankare ƙanzo, rana har ta hau katanga.