Lambar da Ba Ta Barin Ƙyalle

Wata uku Auta tana cika bangon bayan shagona da lambobi, da allin da nake zana yadi da shi. Shekararta sha huɗu. Sai a kira ta sau uku ba ta ji ba, bakinta na motsi ita kaɗai. Mamanta ta fara kuka a ɓoye. Ni kuma na yanke shawara: ranar Litinin zan cire ta daga makaranta, kafin karatu ya taɓa mata kai.

Ranar Asabar da hantsi na tsayar da keken ɗinki, na zagaya in gaya mata.

"Auta, kin cinye mini alli. Wai me kike nema a bangon nan?"

"Baba, zo ka ga wata lamba. Dubu takwas da ɗari da ashirin da takwas."

"Me ta yi miki?"

"Ka ɗauka yadi ce. Raba ta biyu daidai, ka rubuta tsawon kashi ɗaya. Sake ɗauko ta sukutum, ka raba huɗu, ka rubuta. Haka za ka bi duk rabon da ke tafiya ba ragowa. Guda sha uku ne. In ka haɗa su, yadinka ya dawo cif."

Na yi dariyar da ban shirya ba. Shekara ashirin da biyar ina yanka, ban taɓa ganin yadin da bai bar ƙyalle ba.

A aji shida na tsaya, amma tarawa na iya. Na kwafe lambobin a teburin yanka, daga 4064 har zuwa 1, na tara.

"Ga shi! Ɗari ta ɓace. Lambarki gajera ce."

"Kai, Baba! Ɗayan da ka ɗauka sama, a aljihu ka sa shi?"

Ban taɓa sa almakashi a kan awo ɗaya ba, don haka na goge na sake. 8128. Na sake daga ƙasa. 8128.

"Irinta nawa ne?" na tambaya, muryata ƙasa-ƙasa.

"Uku ne kawai kafin ita. Bayanta kuwa babu, sai ka wuce miliyan talatin da uku. Kuma har yau ba wanda ya san ko suna ƙarewa."

Na zauna a benci. Miliyoyin lambobi a jere, kowacce ko ta gaza ko ta zarce, sai can wata ɗaya ta fito daidai wa daida, ba kuma wani tela da ya auna ta. Na dubi bangon da na ɗauka ciwo ne, na ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah."

Mamanta ta leƙo. "Ka gaya mata?"

"Miƙo mini allin can," na ce. "Akwai wata babba da za mu gwada."

Ranar Litinin ni na raka Auta har ƙofar makaranta, da sabon kwalin alli a jakarta.